Abin da Su Dongpo ya jawo mini a sashenmu

A makon nan aka sa hannu a kundina na digiri na biyu, bayan jinkirin da kowa a sashen ya san dalilinsa. Ƙannenmu da ke tafe, ga abin da na kwaso.

Babin da ya jawo rigimar a kan Su Shi ne, mawaƙin daular Song ta ƙasar Sin, haifaffen Meishan a lardin Sichuan a 1037. A wasu shafuka na kira shi Su Dongpo, don da wannan laƙabi Sinawa suka fi saninsa. Malamin da ke duba aikina ya zagaye sunan da jan biro, ya rubuta a gefe wai na cakuɗa mawaƙa biyu. Ranar kare kundi na cikin gida ya sake faɗin haka a gaban malamai da ɗalibai. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ai mutum ɗaya ne."

Sai na jero bayani. A 1079 aka kama Su Shi, ana zarginsa da yi wa fada habaici a cikin waƙa da sukar sababbin dokokin da waziri Wang Anshi ya kawo. Ya yi fiye da kwana 100 a tsare, daga nan aka tura shi Huangzhou a bakin kogin Yangtze da muƙamin jeka-na-yi-ka. Da talauci ya matsa, wani abokinsa ya samo masa tsohon filin sojoji a gangaren gabashin garin, ya kama noma don ciyar da iyali. Daga wannan gona ya raɗa wa kansa Dongpo Jushi, mazaunin gangaren gabas. A Huangzhou ɗin ne ya rubuta shahararrun waƙoƙinsa na Chibi, wato Jan Dutse, a 1082.

Wani farfesa ya gyaɗa kai, ɗalibai biyu suka yi murmushi, kuma murmushin nan shi na biya. Fayil ɗina ya kwanta a ofishin Malam, kullum "dawo mako mai zuwa". Da ya fito, kowane sakin layi ya sha jan biro, har da inda na ambaci jarrabawar shiga aikin gwamnati da Su Shi ya ci a 1057 ƙarƙashin babban marubuci Ouyang Xiu, wai ba ta da alaƙa da batun. Masu binciken fada ma haka suka bi baitocin Su Shi ɗaya bayan ɗaya suna neman laifi, sai dai su aƙalla sun san sunan wanda suke tuhuma.

Don haka idan mai duba aikinka ya yi tuntuɓe, same shi a ofis, ka bar shi ya ɗauka shi ya gano. Ban ce hakan daidai ba ne, na ce yana rage shekaru. Ka ɗauki hoton duk shafin da aka yi wa gyara da wayarka. Ka riƙa gaida sakatariyar sashe, ita ta san inda kowane fayil ya maƙale.

Su Shi ya dawo aikin gwamnati, ya gina madatsar da har yau ke ɗauke da sunansa a tafkin yamma na Hangzhou, aka sake korarsa zuwa Huizhou a 1094, sannan tsibirin Hainan a 1097, ya rasu a Changzhou a 1101. Wannan sashe ma Malam ya ce in cire, ban cire ba. Na ji labarin yanzu yana kawo misalin Dongpo a laccarsa ta 'yan aji uku, ba tare da ya faɗi inda ya ji ba.