Kakin da ya yi tsabta a wata na biyu

A shekarata ta farko a ɗakin awo na wata cibiyar kula da masu tarin fuka a Tahoua, aikina shi ne in shafa kaki a kan gilashi, in rina shi da rinin Ziehl-Neelsen, sannan in duƙa kan madubin awo ina neman jajayen sanduna, wato ƙwayoyin tarin, a cikin shuɗi. Wani dattijo manomin albasa ya cika wata biyu yana shan magani, na bi gilashinsa lungu-lungu ban ga sanda ko ɗaya ba. Na fito da fara'a na ce masa: "Baba, kakinku ya yi tsabta, babu ƙwaya." Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, kuma daga ranar bai sake dawowa karɓar magani ba, domin ya ɗauka ya warke, ga lambu yana jiransa.

Bayan wata bakwai ɗansa ya kawo shi a amalanke, ya rame, tari yana katse masa magana. Gilashin ya cika da ja. Nan take na yanke cewa ƙwayar ta bijire wa magani, sai na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar da ta bijire, ta nuna cewa rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin, yana cin ta har yanzu. Abin ya tsaya mini a rai, na koma karatu.

Madubin awo ba ya ganin komai sai ƙwayoyin sun kai kimanin 5,000 zuwa 10,000 a mililita ɗaya ta kaki, don haka "babu" ɗin da na faɗa ta fi ƙarfin abin da na gani. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne inda sauran ƙwayoyin suke ɓuya. Idan ƙwayar tarin ta shiga huhu, wata ƙwayar garkuwar jiki mai suna makrofaj ce take haɗiye ta, ta kulle ta a cikin 'yar jaka, da nufin haɗa jakar da wata mai tsami da sinadaran narkarwa. Ƙwayar tarin takan hana wannan haɗuwa, ta hana jakar yin tsami sosai, sai kurkukun ya zame mata ɗakin kwana. Jiki kuma yakan kewaye wurin da katangar ƙwayoyin garkuwa, iskar oksijin da abinci su yi ƙaranci a ciki, wasu daga cikin ƙwayoyin cutar su daina hayayyafa, su tara kitse, su lafe kamar kwaɗo a ƙarƙashin busasshen tafki yana jiran damina.

Waɗannan masu lafewa ba su canza halittar da suka gada ba, shi ya sa na'urar ba ta ga bijirewa ba. Maganin isoniyazid yana kashe ƙwayar da take gina bangonta ne, wadda ta daina gini kuwa sai ya wuce ta. Tun a 1944 masanin ƙwayoyin cuta Joseph Bigger ya lura da irin wannan, lokacin da ya ga penisilin yana barin 'yan tsirarun ƙwayoyi da rai, 'ya'yansu kuma maganin yana kashe su kamar da. Daga nan na fahimci dalilin sa maganin firazinamid a wata biyun farko na jinya, tunda yana aiki a wuri mai tsami kan ƙwayoyin da suka rage gudu, da dalilin ƙarin wata huɗu na isoniyazid da rifamfisin, wanda a ganina shi ne ɓangaren jinyar da muka fi sakaci wajen bayyana wa mutane.

Dattijon ya sake farawa daga tushe. Da sakamakon wata na biyu ya sake fitowa da tsabta, na zauna kusa da shi a kan benci na ce: "Baba, na farke mun kashe, saura na barci, kuma su sai an yi wata huɗu ana gadinsu." Ya juya ya ce wa ɗansa ya riƙe lambun har bayan an cire albasa.