Saƙon Godiya Bayan Jinyar Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, Umma ta samu sauƙin ciwon jirin da ya dame ta, har ta koma juyawa dama da hagu a kan gadonta ba tare da ɗakin ya juya da ita ba. Yawancinku kun bi wannan lamari tun daga farkonsa, saboda haka ba zan maimaita zirga-zirgar da aka sha ba, gajiya ma ba za ta bar ni ba. Nauyin godiya ne nake so in sauke, a madadin ni kaina da ƙannena.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, don haka ranar da Umma ta ɗago daga sujada ta dafe bango tana salati, tana cewa rufin ɗaki na zagayawa, kowannenmu ya kawo abu ɗaya a ransa, ko da yake babu wanda ya furta. Wannan fargaba ba ta sake mu ba sai da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya tabbatar cewa harshenta bai harɗe ba, hannu da ƙafa suna da ƙarfinsu, ba ta ganin abu bibbiyu, kuma babu matsanancin ciwon kai. Ya ja kunnenmu cewa duk ranar da jiri ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan alamu, asibiti ake nufa a take.

Bayanin da ya yi mana shi ne, a can cikin kunne akwai wasu ƙananan duwatsu na sinadarin kalsiyam waɗanda ido ba ya iya gani, masu taimaka wa jiki ya san daidaitonsa. Idan suka ɓalle daga mazauninsu suka faɗa cikin ɗaya daga lanƙwasassun magudanai uku masu ɗauke da ruwa, to da zarar mutum ya karkata kai sai su gangara su motsa ruwan, kunne ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ana juyawa alhali mutum yana wuri ɗaya. Shi ya sa hajijiyar Umma take tasowa wajen ruku'u, ko juyi a kan gado, ko ɗaga kai don sauko da kwano daga saman kanta, sannan ta lafa kafin a cika minti ɗaya, ta bar ta da tashin zuciya. Ya ce ciwon ya fi yawa ga masu manyan shekaru, musamman mata.

Akwai abin da ba zan manta ba a ɗakin duba marasa lafiya. Don a gane kunnen da ke da matsalar, dole a tayar da jirin da gangan. Likita ya karkatar da kanta wajen dama, ya kwantar da ita rigingine da sauri har kanta ya ɗan zarce bakin gado, nan da nan ƙwayar idonta ta shiga rawa, ta ƙanƙame hannun rigarsa tana kalmar shahada. A wannan hali ɗankwalinta ya zame ya faɗi ƙasa, furfurarta ta bayyana a gaban ɗaliban da ke tsaye. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya da ba ta wuce sa'ar autarmu ba, ta durƙusa ta rufe mata kai da gefen mayafinta, tana cewa, "Mama, buɗe idonki, muna riƙe da ke, ba za ki faɗi ba." Wanda ya san Umma da kunya ya san girman wannan alheri. Daga nan likita ya riƙa juya kanta sannu a hankali, yana tsayawa kimanin daƙiƙa 30 a kowane mataki, har ya mirgina ta a kan kafaɗar hagu ya zaunar da ita, domin duwatsun su koma inda suka fito. Dabarar wani likitan Amurka ce mai suna John Epley, wanda ya wallafa ta a 1992. Babu allura, babu tiyata.

Ga likitan nan da wannan baiwar Allah, Allah Ya saka da mafificin alheri, Ya jiƙan magabatansu, Ya sa hannuwansu su zama sanadin warakar dubbai. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya roƙe ni kada in ambace shi, to sai dai ya yi haƙuri: shi ne ya fito da asuba ya kai mu, yana bin ramuka a hankali don kada kanta ya girgiza, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. Limamin unguwarmu ya tako har gida ya kwantar mata da hankali da hadisin Imrana ɗan Husaini game da yin salla a zaune ga wanda bai iya tsayuwa ba, domin rashin sujada ya fi jirin damunta. Autarmu kuwa, wadda ta ƙaurace wa gadonta ta koma kwana a tabarma kusa da Umma don raka ta banɗaki cikin dare, Allah Ya ba ta masu yi mata fiye da haka. Matata da Gwaggo sun riƙe gida da girki ba tare da ƙorafi ba. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya sa Aljanna ce makomar iyayenku.

'Yan uwan da suke gari ɗaya da mu amma hanya ba ta biyo da su ba, sai dai saƙon cewa iska ce ko sammu, mun ji kuma mun gode, Allah Ya ba kowa ikon zumunci. Umma ta riƙa tambayar wasunku da suna.

Likita bai ɓoye mana cewa ciwon yana iya dawowa ba, kuma ƙwayoyin jiri da ake saye a kantin magani tashin zuciya kawai suke ragewa, ba sa mayar da duwatsun. Masu tambayata yadda za su yi wa nasu iyayen wannan juyin kai a gida, ina roƙonku ku fara kai su a duba, a san kunnen da abin ya shafa, a kuma tabbatar wuyansu zai jure. Masu son zuwa dubiya ƙofa a buɗe take bayan la'asar, sai dai idan kun tarar da ita a kwance, ku bar ta ta tashi zaune da kanta a hankali kafin a gaisa. Allah Ya ba sauran marasa lafiya lafiya, amin.