Albam na biyu: inda masu sharhi ke tare ƙungiyoyin indie rock

Duk mai sharhin da ya zauna sauraron albam na biyu na wata ƙungiyar indie rock (salon kiɗan jita da ganga da ya taso daga ƙananan kamfanoni masu zaman kansu), na farkon ne ke kunnensa. Da shi yake auna kowace waƙa, kuma a ganina yawancin hukuncin da ake yankewa a makon fitowa daga nan yake tasowa.

Matsalar tana farawa ne tun wajen rubutu. Waƙoƙin albam na farko ƙungiya ta yi shekaru tana kaɗa su a ƙananan wuraren wasa. Wadda ba ta motsa jama'a ba an yar da ita, wadda amshinta ya yi tsawo an datse shi. Na biyu kuwa ana haɗa shi ne a mota tsakanin wannan gari da wancan, kamfani na jiran a cika alkawari, babu masu sauraron da za su tace komai kafin a shiga sitidiyo.

Dubi The Strokes na New York. Bayan Is This It na 2001, sun fara aiki da Nigel Godrich, furodusan Radiohead, tafiyar ba ta yi ba, sai suka koma wurin Gordon Raphael da ya yi musu na farko. Room on Fire ya fito a 2003: waƙoƙi 11, gajeru, jita biyu na sarƙe da juna, muryar Julian Casablancas a dakushe kamar da. An yaba, amma ƙorafi ɗaya ya yi ta dawowa, wai an maimaita. Ni dai ina ganin an yi wa albam ɗin rashin adalci, don kaɗin jitarsa ya fi na farko tsari nesa ba kusa ba.

MGMT sun bi ɗaya hanyar, su ma ba su tsira ba. Albam ɗinsu na biyu, Congratulations na 2010, ba shi da irin waƙoƙin rediyon da suka ɗaga su, har akwai guda mai minti 12. Masu sharhi suka rabu gida biyu.

Jinkiri ya fi duka illa. The Stone Roses na Manchester sun fitar da na farko a 1989, shari'a da kamfanin Silvertone ta ɗaure su, Second Coming bai fito ba sai Disambar 1994 a ƙarƙashin kamfanin Geffen. Kafin nan ƙungiyoyin Oasis da Blur sun mamaye Ingila. Da Second Coming ya fito, aka tarar da jitar John Squire, makaɗin ƙungiyar, ta yi nauyi, waƙar buɗewa ta haura minti 11, kuma sai an jira mintuna kafin a ji murya. Mai sharhin da aka ba kwanaki kaɗan ya miƙa rubutu, waƙoƙi uku na farko ne ke kafa masa ra'ayi, don haka jera waƙoƙi ba ƙaramin aiki ba ne.

Arctic Monkeys na Sheffield sun iya wannan lissafi. Wata 15 kacal tsakanin na farko da Favourite Worst Nightmare na Afrilun 2007. Sun ƙara wa ganga sauri da ƙarfi, sun bar salon rubutun mawaƙinsu Alex Turner yadda aka san shi. Abu ɗaya suka sauya, shi ya sa masu sharhi suka samu abin kamawa.

Makin shafin sharhin waƙoƙi na Pitchfork, daga 0.0 zuwa 10.0, ko jimillar Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, bisa 100, ra'ayin makon farko suke adanawa. Pinkerton, albam na biyu na Weezer, wanda suka yi furodusan kansu a 1996, tauraro uku Rolling Stone ta ba shi, masu karanta mujallar kuma suka sa shi cikin mafi munin albam na shekarar. A 2004 mujallar ta sake saurara, ta ba shi biyar cif.