Haruffa bakwai a bangon Dessau

Daga Berlin na shiga jirgin ƙasa da sassafe zuwa Dessau, ni da wani abokina mai sana'ar zanen rubutu. Daga tasha zuwa ginin Bauhaus, tsohuwar makarantar zane da gine-gine ta Jamus, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ana yayyafi, hannuna ya ƙage da sanyi, amma muna shan kwana na manta da shi: ga haruffa bakwai farare sun sauko a tsaye kan bango mai ruwan toka, B a sama, S a ƙasa. Babu ƙawa, babu jela a ƙafar harafi. Daga tsallaken titi kana karanta su ba tare da ka ɗaga gira ba.

Walter Gropius ne ya tsara ginin, aka buɗe shi a 1926, bayan makarantar ta taso daga Weimar. Herbert Bayer, malamin sashen ɗab'i, shi ya ƙirƙiro Universal a 1925, rubutun da aka gina da da'ira da miƙaƙƙen layi kawai, kuma ba shi da manyan baƙaƙe ko ɗaya. A Jamus fa, inda kowane suna yake farawa da babban baƙi! Wannan tsokana ce da gangan.

A shagon wurin na ɗauki wani littafi, na nuna rubutun Futura na ce ga aikin Bauhaus. Abokina ya yi dariya. Ya ce Paul Renner, wanda ya zana Futura, bai taɓa koyarwa a nan ba. Kamfanin Bauer na Frankfurt ne ya fitar da Futura a 1927. Ita ce ma ke jikin allon da 'yan Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969.

A hanyar komawa ya ciro ƙaramar rula, ya ɗora kan babban O na Futura. Ni da zan rantse cikakkiyar da'ira ce. Ashe gefenta ya ɗan fi samanta da ƙasanta kauri, kuma ta ɗan zarce layin da H ta tsaya a kai. Ya nuna mini b da d: daidai inda cikin harafin ya haɗu da sandarsa, an rage kauri don kada tawada ta yi dunƙule. Da an bi kamfas na zana da'ira sak, da ido ya ga O ta fi sauran ƙanƙanta. Renner ya yaudari ido ne don ya ga daidai.

Na buɗe shafin da aka rubuta ƙananan bayanai da Futura. Can haruffan a da o suka fara kama da juna, kamar tagwaye, har na rasa layi sau biyu kafin mu kai Berlin. Na rufe littafin, na koma kallon babban taken da ke bangonsa.