Kada ku ba mai siddabaru komai kyauta

Ƙannena masu sha'awar tsara wasan labari, irin wanda ake zama a tabarma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagora na ba da labari ana jefa ƙwayar ludo, ku yi hattara da dokokin siddabaru. A nan na ɓata wasan da na tsara wa abokaina a zaurenmu a Gwale.

Labarin Kano ne ta zamanin ganuwa. Akwai maharbi, akwai ɗan tauri, akwai mai siddabaru. Don zumuɗi sai na damƙa wa na ukun baduhu da layar zana da sagau, na ce ya yi aiki da su duk sa'ad da ya ga dama. An rufe ƙofar gari, ya ɓace ya shige. Dodo ya taso, ya sandarar da shi. Maharbi kuwa ya koma latsa waya, don babu abin da ya rage masa. Ba laifin yaron ba ne, ni na ba shi wuƙa da nama.

Waɗanda suka riga mu sun san wannan matsala. A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mai siddabaru yana haddace asirai 'yan kaɗan ne kafin a fita, kuma wanda ya yi aiki da shi ya goge daga kansa sai ya huta ya sake haddacewa. Saboda haka kowane jifa sai ya yi tunani: yanzu, ko in adana?

Amma ba sai mun je Amurka ba. A labaran da muka taso muna ji, babu asirin da ba shi da sharaɗi, babu wanda ba shi da makari. An hana mai shi cin wani abu, ko an ce kada sirrin ya fita daga bakinsa, ran da ya karya kuma ya shiga uku. Daɗin labarin ma a nan yake. To ku rubuta abu uku a gaban kowane siddabaru: me yake ci wa mai shi, me ke karya shi, me zai faru in ya ƙi ci. Baduhuna na yanzu yana warwarewa da zarar mai shi ya yi magana, sai ga ɗan wasa yana fama da abokansa da nuni.

Ku yi lissafin ƙwaya kafin ku kafa doka. Ƙwayar ludo biyu sun wadatar. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne, 7 na fitowa ta hanya 6, 12 kuwa ta hanya ɗaya tak. In kun ce sai an sami 7 ko sama, siddabarun zai ci sau 21 cikin 36. In kun ɗaga zuwa 10, ya koma 6 cikin 36. Babban siddabaru nan ne muhallinsa.

Abu ɗaya ban yarda a yi sakaci da shi ba: kada aya ko addu'a ko sunan Allah su shiga dokokin wasa, kuma kada ku kwafo surkullen gaske. Ku ƙirƙiro naku kalmomin, kowa ya san tatsuniya ce, yadda ko Baba ya leƙo zaure ya karanta takardar ba za ku ji kunya ba.