Ƙarfe mai ƙarfi, amma mai gautsi

Ranar da na fara ganin gwajin Charpy da idona, wato gwajin da ke auna juriyar ƙarfe ga karyewa idan an buge shi, abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake gwadawa. Ɗan guntun ƙarfe ne mai tsawon milimita 55, faɗinsa da kaurinsa milimita goma-goma, an yi masa tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. Mai gwajin ya ɗora shi a kan na'ura, ya saki wata ƙatuwar guduma mai lilo, ta karya shi ta wuce. Iya nisan da gudumar ta hau a ɗaya gefen shi ke nuna yawan ƙarfin da ƙarfen ya shanye kafin ya karye.

Guda biyu aka karya a gabana, kuma daga bututu ɗaya aka yanko su. Na farko, wanda aka gwada a zafin ɗaki, sai da ya lanƙwashe sannan ya yage, bakin karayar ya fito dishi-dishi. Na biyu an ciro shi ne da awartaki daga wani sinadari mai ruwa-ruwa da aka sanyaya ƙasa da sifili sosai, shi kuwa ɓallewa ya yi ƙaras, fuskar karayar tana ƙyalli kamar ƙwayoyin gishiri, gudumar ta wuce kamar ba ta daki komai ba. A nan na fahimci cewa ƙarfin ƙarfe daban, juriyarsa ga tsagewa daban, kuma sanyi yana iya mayar da ƙarfe mai danƙo ya koma mai gautsi.

Bafaranshe Georges Charpy ya gabatar da wannan gwaji a 1901, amma sai da aka yi asara mai yawa kafin a ɗauke shi da muhimmanci. A watan Janairun 1943, jirgin ruwan dakon mai Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, babu guguwa babu hari. Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge, wadda ta binciki jiragen da suka riƙa tsagewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta nuna cewa ƙarfen ne kansa yake yin gautsi a cikin sanyi, walda kuma ta ba tsagar hanyar wucewa daga falle zuwa falle.

A bututun iskar gas lamarin ya fi muni, domin gas a matse yake, kuma idan tsaga ta fi saurin ficewarsa gudu, matsin da ke bakinta ba ya raguwa, sai ta yi ta bin bututun tana farke shi. Shi ya sa injiniyoyi ba sa tsayawa ga tambayar ko akwai aibi a ƙarfe, tunda da wuya a sami waldar da ba ta da shi ko kaɗan. Abin da suke lissafawa shi ne girman aibin da bututu ko tankin matsi zai iya ɗauka ba tare da tsagar ta tashi ba.

Gwajin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na cika bututu da ruwa a matsa shi fiye da yadda zai yi aiki, sau da yawa da kashi 25 cikin ɗari ko fiye. Ruwa ake zaɓa saboda kusan ba ya matsuwa, don haka ko an sami fashewa ɓarnar ba ta kai ta iska ba. Bututun iskar gas da ya fashe a San Bruno ta jihar Kalifoniya a watan Satumban 2010, ya kashe mutum 8, tun 1956 aka binne shi da waldar da ba ta ratsa kaurin ƙarfen ba, kuma ba a taɓa yi masa wannan gwaji ba. Masu bincike sun ce da an yi, da alama aibin ya bayyana tun kafin ya kai ga rasa rayuka.