Ruwa a cikin baƙin mai bayan sabon aikin inji: a bincika kafin a kwance

Babban darasin da na koya a kan wannan matsala shi ne, launin mai shi kaɗai ba ya yanke hukunci. An gama haɗa inji, sabon ringi (zoben fistin), sabon metal (ƙarafunan da karanshaf, babban sandan inji, ke juyawa a kansu), sabon gasket (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa), mota ta yi 'yan kwanaki a hanya, sai a buɗe murfin zuba mai a ga wani farin abu mai kauri ya manne a ƙarƙashinsa. Nan take a ce gasket ya ƙone, a ɗauko sifana. Sau da yawa ba shi ba ne.

Inji da kansa yana samar da ruwa. Duk litar fetur ɗaya da ta ƙone tana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma kaɗan kan sulale ta gefen ringi ya sauka ƙasa. A injin da aka sabunta abin ya fi yawa, domin ringin bai gama zama da bangon silinda ba. Idan ana ta da motar minti 5 ko 10 a kashe, mai ba zai kai zafin da zai kori tururin ba, wato kusan digiri 100 a ma'aunin Celsius. Sai ya taru a wuri mafi sanyi, murfi ke nan. Injin da aka cire masa tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji), ko wanda bawul ɗin shaƙar iskar cikinsa ya toshe, ya fi kowane yin haka. Sannan wasu masu haɗa inji kan shafa farin giris a metal da kam (sandan da ke buɗe bawul), shi ma yana gurɓata man farko.

Saboda haka sandar gwada mai ta fi murfi faɗar gaskiya. Idan man da ke jikin sandar garau yake, ruwan lagireto bai ragu ba, a goge murfin, a tuƙa motar minti 40 zuwa awa ɗaya ba tsayawa, a sake dubawa. In kuwa man sandar ya koma kamar an zuba masa madara, ko ya haura alamar cika alhali ba wanda ya ƙara, to a kashe injin, kada a sake ta da shi. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba a yawancin ƙananan motoci, kuma siririn man da ke wannan tazara ne kaɗai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Man da ruwa ya shiga ba ya riƙe wannan nauyi. Idan ruwan na ɗauke da sinadarin sanyaya inji, ɓarnar ta fi muni: yana haɗuwa da mai ya zama dagwalo, ya toshe filta da ƙananan hanyoyin mai.

Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar na'ura. A bar motar ta kwana, da safe a sassauta notin juye mai kaɗan, ba a cire shi gaba ɗaya ba, a tara kwalba mai haske. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa, kuma in kore ne ko ja-ja irin na lagireto, an san inda ya fito. Na biyu, a ɗiga mai a kan ƙarfe mai zafin kusan digiri 150. Mai tsabta hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa kuwa zai yi ta tartsatsi yana ƙara.

Bayan an tabbatar da ruwa, sai a nemi ƙofar da ya bi. A nan ne aka fi gaggawa, kuma a nan ne gaggawar ta fi tsada. A ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto inji yana sanyi, a hura zuwa adadin da ke rubuce a murfin, yawanci 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi na bar, a jira minti 20 zuwa 30. Allurar famfon ta sauka, kuma babu jiƙa a tiyo ko a ƙasa? To yoyon na ciki ne. A juye mai, a sauke kaskon ƙasa, a cire fulogogi, a sake hurawa, a haska fitila daga ƙasa. Inda ɗigon ya biyo shi ke nuna mai laifi: bangon silinda, gaban inji wajen sarƙar da ke juya kam, ko ramukan da mai ke dawowa daga sama. Wani yoyon sai ƙarfe ya ɗumama yake buɗewa, don haka in gwajin sanyi bai nuna komai ba, a cika da ruwan zafi a maimaita.

Shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto don gano yoyon gasket, wanda ke komawa rawaya, hayaƙin ƙonewa kaɗai yake ganowa. Gasket na iya yoyo tsakanin hanyar ruwa da hanyar mai ba tare da ya taɓa silinda ba; ruwan gwajin zai zauna shuɗi, matsin silinda ya fito daidai, amma mai na ci gaba da shan ruwa.

Kafin a taɓa kan inji, wato ɓangaren da ke rufe saman silinda, a duba na'urar sanyaya mai in injin yana da ita, galibi a gindin filta take. Tana da alamarta ta daban. Inji yana aiki, matsin mai ya fi na ruwa, sai mai ya shiga lagireto. Da an kashe, matsin mai ya faɗi, ruwa kuma yana da sauran matsinsa, sai ya juyo cikin mai. In an ga gurɓata a ɓangarorin biyu, ita ce ta farko da za a cire a gwada ita kaɗai. Tsohuwar na'urar da aka mayar wa sabon inji ba tare da gwaji ba ta sa an kwance kawuna da yawa a banza. Wasu injuna kuma, kamar V6 mai lita 3.5 na Ford da ke kwance a gicciye, famfon ruwansu yana ciki, sarƙa ce ke juya shi, in ya lalace ruwa na iya zuba kai tsaye cikin mai. A manyan injunan dizal masu silindar da ake zarewa, robar da ke zagaye gindinta kan yanke lokacin sakawa.

Idan bincike ya kai ga kan inji, laifin yawanci na haɗi ne, ba na gasket ɗin ba. Ba a auna lanƙwasar kan ba: a kan alminiyam iyakar kan kasance tsakanin milimita 0.05 da 0.1, littafin injin ne mai maganar ƙarshe. Ko an juya gasket baibai. Ko ba a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo ba. Ko an mayar da tsofaffin notuna irin masu miƙewa waɗanda sau ɗaya ake amfani da su. Wanda aka fi mantawa shi ne ramin noti: in akwai mai ko ruwa a ƙasansa, sifana za ta nuna an kai awo alhali gasket bai matsu ba, wani lokaci ma jikin injin ya tsage. A wasu injuna ramin ya huda har hanyar ruwa, dole a shafa wa zaren notin abin toshe yoyo. Kan da ya taɓa zafi fiye da kima kuwa, goge fuskarsa bai isa ba, a gwada shi da matsi don gano tsaga.

Bayan gyara, juye ɗaya ba ya wanke inji. A zuba mai da sabuwar filta, a bari ya yi zafi sosai, a juye da zafinsa, a maimaita har man ya fito garau, a wanke tiyon shaƙar iska da ƙarƙashin murfin sama. Filtar farko a yanka ta a buɗe takardar: in akwai ƙyalli mai launin tagulla, metal ya riga ya taɓu, sai a sauke kasko a duba shi kafin motar ta koma hanya.